Wasannin Buɗaɗɗiyar Duniya da Suka Ba da Kunya, da Inda Kowanne Ya Gaza

Abban Sadiq

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wasannin da ake tallatawa da cewa an sakar maka duniya sukutum, ka nufi inda ka so, ka yi abin da ranka ya ba ka. Sai ka saya, ka ƙona data wajen saukewa, bayan awa biyar ko shida ka gane filin ne kawai yake da faɗi, abin yi kuwa bai taka kara ya karya ba. Ina roƙon duk wanda ya buga irinsu ya faɗi takamaiman abin da ya lalace da dalilinsa, don "bai yi daɗi ba" ba za ta taimaki mai shirin saye ba.

Bari in buɗe da No Man's Sky yadda ya fito a Agustan 2016. Ƙaramar tawagar Hello Games ta Ingila ce ta yi shi, kuma duniyoyin da ke ciki sun kai 18,446,744,073,709,551,616. Ba mutum ne ya zana su ba, lissafi ne ke haɗa kowace ɗaya lokacin da ka tunkare ta. To lissafin daga 'yan kayayyaki ƙalilan yake ɗiba: kan wannan dabba a jikin waccan, itace iri ɗaya da launi dabam, gine-gine 'yan nau'i kaɗan. Kowace duniya kuma yanayi ɗaya gare ta ko'ina, don haka tafiyar 'yan mintuna ta gama nuna maka abin da ke cikinta.

Aikin da ya rage maka shi ne ciyar da ma'aunai. Duk tashin jirgi daga ƙasa yana cinye kashi 25 cikin 100 na man tashi, wato tashi huɗu tanki ya bushe, sai ka koma neman Plutonium. Rigarka tana shan nata, garkuwar zafi da sanyi tana son Zinc ko Titanium, bindigar haƙa ma tana jira. Aljihun kaya ƙarami ne, kuma duk na'urar da ka ƙara wa riga ko jirgi gurbi guda take cinyewa a cikin aljihun nan. Wanda ya daure ya kai tsakiyar taurarin, inda aka yi ta kwaɗaita wa mutane zuwa, sai a jefa shi wani sabon tarin taurari da na'urorinsa a lalace. A makon farko ma 'yan wasa biyu sun tsaya a wuri ɗaya cikin duniya ɗaya ba su ga juna ba, alhali mutane sun sayi wasan da fahimtar cewa haɗuwa za ta yiwu.

Injiniya Nura

Wa alaikumus salam, Malam Abba. Ni Cyberpunk 2077 a kan PS4 zan kawo, don har yau faifansa yana yawo a hannun masu sayar da na hannu.

Ya fito ranar 10 ga Disamban 2020. Birnin Night City yana da cunkoso sosai, kuma wasan yana janyo gini da mota da mutum daga rumbun ajiya ne a daidai lokacin da kake tafiya. PS4 na'urar 2013 ce, rumbunta mai faifai mai juyawa ne, furosesarta kuma mai rauni ce tun asali. Idan ka taka mota da gudu sai ka riga rumbun isa: titi ya fito babu zane, mutum ya tsaya a gabanka fuskarsa a dame na wasu daƙiƙoƙi, wani lokaci wasan ya rufe kansa gaba ɗaya. Abin ya kai Sony ta cire shi daga kantinta bayan mako guda da fitowarsa, bai dawo ba sai Yunin 2021.

Amma abin da ya fi ɓata wa masu son GTA rai ba na rumbu ba ne. 'Yan sanda ba su zuwa daga ko'ina, a bayanka ake ƙirƙirar su, ko kana kan rufin bene ko kana lungun da ba shi da wata mashiga. Ba su bin ka da mota. Ka tare titi da motarka, direbobin bayanka za su tsaya cak, babu mai kewayewa. Ka harba bindiga sama, jama'a duk su durƙusa iri ɗaya, ka juya baya ka waiwayo sun ɓace. A kwamfuta kuma fayil ɗin ajiya yana lalacewa idan ya wuce 8MB, abin da ya fi samun masu yawan ƙera kaya, kafin gyaran 1.06 ya cire wannan iyaka.

Ga abin da mai saye zai sani. Sabon tsarin 'yan sanda da bin mota sun zo ne a sabuntawa ta 2.0 a Satumban 2023, kuma ba ta sauka a PS4 da Xbox One ba. Wanda ya sa faifai bai haɗa intanet ba, mafi munin sigar wasan zai buga. Sauya rumbun PS4 da SSD, wato rumbu marar faifai mai saurin karantawa, yana rage jinkirin fitowar abubuwa: a nemi SATA mai inci 2.5 wanda kaurinsa bai wuce milimita 9.5 ba, a kwashe ajiyar wasanni zuwa filas tukuna, a sa cikakken fayil ɗin manhajar na'ura a babban fayil PS4, cikinsa UPDATE, sannan a kunna ta yanayin gyara a zaɓi lamba 7. Sai dai wannan ba zai hana wasan sarƙewa a tsakiyar kasuwa ko lokacin harbe-harbe ba, domin can furosesa ce ta gaza.

Ɗan Fagge

Injiniya ka gama magana. Nawa shi ne GTA Trilogy Definitive Edition na Nuwamban 2021, musamman San Andreas, wanda yawancinmu a shagon gem muka san shi a kan PS2.

A na asali na 2004 akwai hazo da ke rufe nesa. An sa shi ne don na'urar ba ta iya zana komai lokaci guda, amma shi ne ya sa jihar take da girma a ido. Hanya tana lanƙwasa, dutse yana tare gabanka, daga Los Santos zuwa San Fierro sai ka ji ka yi tafiya. Da aka cire hazon a sabon, ka hau saman Mount Chiliad ko ka tashi a jirgi sai ka hango birane ukun duka a gabanka, har da inda ƙasa ta ƙare. Girman ya tafi nan take.

Da ya fito, ruwan sama kuma fararen layuka ne masu kauri, da dare ba ka ganin titi. Rubutun allunan shaguna an bar wa manhaja ta gyara su, ta ɓata haruffa da yawa. Wasu waƙoƙin rediyo babu su saboda lasisi ya ƙare. Tushen matsalar, daga sigar waya aka gina shi, ba daga ta PS2 ba. Rockstar, kamfanin da ke da GTA, ta fito ta ba da haƙuri, kuma sabuntawar Nuwamban 2024 ta dawo da haske da hazo irin na da. Duk mai shi ya tabbatar ya sauke wannan, ya kunna zaɓin hasken asali a saiti.

Ummi Zariya

Sannunku yayyena. Ku duka kun kawo waɗanda suka fito a karye ko babu komai a ciki. Mafia III na 2016 ciwonsa daban ne, kuma ni shi ya fi ba ni takaici, domin labarinsa mai kyau ne ƙwarai. New Bordeaux a 1968, jarumin wasan Lincoln Clay baƙar fata ne da ya dawo daga yaƙin Biyetnam, kuma birnin yana nuna masa wariya a fili. Idan aka kira 'yan sanda a unguwar fararen fata masu kuɗi nan da nan suke zuwa, a unguwar baƙaƙe kuwa sai sun ga dama. Wannan tunani ne mai zurfi.

Sai dai tsakanin kowane babin labari an jibge aiki iri ɗaya. Kowace unguwa tana da haramtattun sana'o'i biyu. Za a nuna maka adadin dala, aikinka ka jawo asara har ya koma sifili: ka matsa wa ɗan rahoto, ka kashe 'yan daba, ka ƙona kaya, ka kwashe kuɗi. Da ya kai sifili sai ubangidan wurin ya fito, sau da yawa a ginin da ka riga ka share ɗazu, ka sake shiga ta ƙofa ɗaya. Ka gama, ka miƙa wurin ga ɗaya daga mataimakanka uku, Cassandra ko Vito ko Burke, ka wuce unguwa ta gaba ka maimaita. Babu tsallakawa zuwa wuri nan take, ko'ina sai ka tuƙa.

Maƙiyan ma ba su da wayo. Ka laɓe a bayan bango ka yi fito, ɗaya zai taho shi kaɗai ka soke shi, ka sake fito na biyu ya taho ya taka gawar ɗan'uwansa. Shawarata, kada a yi unguwa fiye da ɗaya a zama guda, kuma a raba unguwanni tsakanin mutanen nan uku, don wanda ka yi ta hana shi zai juya maka baya sai ka yaƙe shi.

Bala Maraɗi

Malam Abba, a yi wa No Man's Sky adalci. Sun ƙara gina sansani a Nuwamban 2016, motoci a 2017, wasa tare da wasu a sabuntawar NEXT ta Yulin 2018, kuma duk kyauta. Wanda ya saya yau ba abin da ka kwatanta zai tarar ba.

Starfield na Satumban 2023 ne nake ganin gyara ba zai kai ga tushensa ba. Duniyoyi sama da 1,000, amma ba ka sauka da jirgi da hannunka. Ka buɗe taswira, ka zaɓi wuri, a nuna hoton sauka, lodin (jiran wasan ya ɗauko wurin), ka fita daga jirgi, lodin, ka shiga gini, lodin. Inda ka sauka fili ne mai iyaka, an watsa masa gine-gine daga wani ƙaramin rumbu na waɗanda aka zana da hannu. Kuma ba kama suke yi ba, su ne dai: ɗakin binciken ƙanƙara da ka share a wannan duniya za ka same shi a wata, gawa tana kwance inda take, takardar da ka karanta tana kan teburin nan. Tsakanin gini da gini tafiyar ɗaruruwan mitoci ce a ƙasa babu abin da ke faruwa, kamar rumfunan kasuwa ranar da ba ta ci. Idan kaya sun yi maka nauyi iskar shaƙarka tana zubewa ko da gudu kaɗan ka yi. Mota ba ta zo ba sai Agustan 2024.

A Skyrim na kamfanin da ya yi Starfield, hanya ita ce wasan: ka nufi gari, kogo ya janye ka, mahaukacin dodo ya sauko. A nan an yanke hanyar an sa taswira a madadinta. Wanda ya riga ya saya ya bi ayyukan ƙungiyoyi, UC Vanguard da Crimson Fleet, can ne aikin hannu yake. Kuma yana son SSD da fili kusan 125GB.

Abban Sadiq

Na karɓi gyaranka, Malam Bala, na farkon fitowa nake nufi. Amma ka lura har yau duniya ɗaya yanayi ɗaya ce a mafi yawansu, abubuwan yi aka ƙara a kai.

Sani Mai Shagon Gem

Ga wanda wuta da intanet ba su tsaya masa ba, Fallout 76 ya fi kowanne haɗari. Ba ya buɗewa sam sai da intanet, a PlayStation kuma sai da rajistar PS Plus. Ba a dakatar da shi, ko ka buɗe taswira maƙiyi yana dukanka. Idan layi ya yi rauni za ka ga harsashi ya sami dabba, jininta ya ragu ya koma ya cika. Idan ka kama wata ma'aikata ka kashe kayan gini a kanta, da layi ya yanke ka fita daga sabar ta tafi.

Da ya fito a Nuwamban 2018 babu ɗan Adam ko ɗaya a cikinsa in ba 'yan wasa ba, labarin duk daga kaset da kwamfutoci da mutum-mutumi kake jin sa, sai Afrilun 2020 aka kawo mutane. Akwatin ajiya fam 400 kacal yake ɗauka a wasan da ginshiƙinsa tara tarkace ne. An ɗaga shi daga baya, amma akwatin tarkace mara iyaka sai mai biyan kuɗin wata. Sabuntawarsa kuma manya ne, ba ka shiga sai ka sauke.

Injiniya Nura

A ƙara da Crackdown 3. An tallata cewa duk ginin birni zai rushe, da ya fito a Fabrairun 2019 rushewar tana sashen gasa ta intanet kawai, a babban wasan bango ko gezau.

Tunda Malam Abba don masu saye ya buɗe maganar, ga gwajin da ke tona asiri da wuri. Steam, kantin wasannin kwamfuta na intanet, tana mayar da kuɗi cikin kwana 14 muddin ba ka buga awa biyu ba. Matsalar ita ce awa biyun farko na irin wasannin nan shiryayyen labari ne, an ƙawata shi fiye da ko'ina. Don haka a tsallake hotunan labari, da an sake ka ka bar mishan. Gindaya mota a titi ka ga ko direbobi za su kewaye. Yi laifi ka gudu, ka duba daga ina masu bin ka suke fitowa. Juya kyamara baya ka dawo, ka ga ko motoci da mutanen da ke wurin suna nan. Shiga sansanin maƙiya biyu ko uku ka gwada tsarin ɗakunansu. Kunna wuta kusa da ciyawa: a Far Cry 2 na 2008 tana bin iska ta ci daji, a Breath of the Wild zafinta har ɗaga ka sama yake yi, a wasu kuwa hoto ce kawai.

A kantin PlayStation dokar ta fi tsauri, da ka fara saukewa haƙƙin mayarwa ya faɗi sai in wasan ya lalace. Can sai a nemi bidiyon wanda ya yi nisa a wasan, ba na talla ba, kuma a kan irin na'urarka. Kafin Cyberpunk ya fito sigar kwamfuta kaɗai aka bai wa masu sharhi, shi ya sa makin farko bai gaya wa mai PS4 komai ba. Bidiyon ko a 360p ka kalla za ka ga sarƙewa da maimaicin aiki, ba sai ka ƙona data mai yawa ba.