Muhawara: riƙe shafi ya isa, ko dole sai an kafe shi kafin DMA?

Ɗalibi, Aliero:
Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Ga abin da na tsaya a kai. A kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin, direban (manhajar da ke sarrafa na'ura) da zai bar na'ura ta yi DMA, wato ta karanta ko ta rubuta kai tsaye cikin memorin manhaja ba tare da bi ta CPU ba, ba ya buƙatar pin_user_pages, kiran da ke kafe shafi, wato yanki ɗaya na memori. Manhaja ta kira mlock, mai kulle shafi a RAM, direba ya kira get_user_pages, mai riƙe shafin, ƙidayar masu riƙe da shafin ta ƙaru da ɗaya, kanel ba zai sake shi ba. Haka aka yi ta aiki shekara da shekaru kafin Linux 5.6 ta kawo sabuwar hanya a 2020. Ita kuwa sabuwar, 1024 take ƙarawa a kan ƙidayar, in ka tambaye ta ko an kafe shafi sai ta ce "wataƙila". Ta yaya za a dogara da wataƙila?

Injiniya, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Fara cire mlock daga wagga magana. Alƙawarinsa ɗaya ne: ba za a tura shafinka faifai ba. Bai ce ba za a ɗauke shi daga wani gurbi na RAM zuwa wani ba. Kamar saniya ce da aka hana fitar da ita gari, amma ana iya sauya mata garke. Kafewa kuwa turke ne. Kanel na tattara shafuka wuri ɗaya idan yana neman fili a jere, kuma compact_unevictable_allowed, saitin da ke ba shi damar haɗawa da shafukan mlock, a kunne yake zuwa a yawancin kanel, don haka shafin mlock ma yana ƙaura. Manhaja ba ta ji, domin adireshin da take gani bai canza ba. Na'ura kuwa tsohon adireshin ke hannunta, sai ta zuba bayanai cikin shafin wani.

Ɗalibi, Aliero:
Na karɓi wannan, Yaya. Amma get_user_pages ai yana hana ƙaurar, tunda ba a motsa shafin da ƙidayarsa ta wuce yadda ake zato. To me ya rage?

Malama, Zuru:
Abin da ya rage shi ne kanel bai san dalilin riƙon ba, kuma nan ɓarnar take. Ɗauki shafi mai bait 4096 na fayil a tsarin fayil na ext4 da aka yi wa mmap, wato aka shimfiɗa shi cikin memorin manhaja. Idan lokacin mayar da shi faifai ya yi, kanel zai cire izinin rubutu daga teburin shafuka, ya goge alamar cewa akwai sabon rubutu, sannan ya rubuta. In CPU ta sake taɓa shafin, sai ta faɗa tarko, a kira page_mkwrite, tsarin fayil ya tanadi gurbi a faifai ya shirya bayanansa. Duk tsarin ya ginu a kan cewa babu mai rubutu sai ya bi ta wannan ƙofar.

Na'ura ba ta bi ta teburin shafukan CPU. Tana ci gaba da rubutu ana tsaka da kwashe shafin, sai abin da ya isa faifai ya saɓa da lambar tantancewar da tsarin fayil na btrfs ko haɗin faifai na RAID suka lissafa. Mafi muni, direba ya gama bayan awa guda ya kira set_page_dirty don sa alamar sabon rubutu, alhali an riga an cire buffer_head ɗin shafin, wato bayanan da ke haɗa shi da gurbinsa a faifai. Sai ext4 ta tarar da shafi mai sabon rubutu da ba ta shirya masa komai ba, kanel ya faɗi. Jan Kara na SUSE ne ya kawo rahoton wannan a 2018, daga nan John Hubbard na NVIDIA ya ɗauki aikin da ya haifar da FOLL_PIN, alamar kafewa da pin_user_pages ke sawa. Wato tsohuwar hanyar ba lafiya take ba, ba a cika taka wurin ciwon ba ne kawai.

Mai gyaran saba (server), Jega:
Malama, ki yi haƙuri, ni ina tare da yaron nan rabi. Shigowar pin_user_pages a 5.6 ba ta warkar da matsalar ext4 ba. Alama kawai ta samar. Tsarin fayil ya ga shafi a kafe, to ya yi yaya? In ya jira, kafewar RDMA, wato DMA ta katin sadarwa tsakanin kwamfutoci, na iya kai wata guda, kuma sync, umarnin kwashe komai zuwa faifai, ba zai dawo ba. In ya rubuta haka nan, mun koma gidan jiya. Sai a 2023 aka ɗauki mataki na gaske, da gyaran Lorenzo Stoakes: aka hana kafewa mai tsawo, ta rubutu, a kan fayil ɗin da ke buƙatar bibiyar sabon rubutu. Hani ne, ba magani ba.

Malama, Zuru:
Gaskiya ne Malam, kuma ban ce ta warkar ba. Amma ba ka iya hana abin da ba ka iya bambancewa. Kafin a raba FOLL_GET (riƙo), FOLL_PIN (kafewa) da FOLL_LONGTERM (kafewa mai tsawo), mai leƙa shafi na ɗan lokaci da mai miƙa shi ga katin sadarwa duk kamanninsu ɗaya.

Injiniya, Birnin Kebbi:
Mu koma ga 1024, don nan ƙanena ya fi ƙarfafa. Mi ya sa aka yi haka? struct page, bayanin da kanel ke ajiye wa kowane shafi, bait 64 ne, kuma kowane GiB ɗaya na da shafuka 262,144. Duk abin da ka ƙara a cikinsa ka ninka shi sau wannan adadi. Babu gurbin sabuwar ƙidaya, sai aka hau kan wadda ke nan: kowace kafewa ta ƙara GUP_PIN_COUNTING_BIAS, wato 1024, kowane saki ya rage 1024. folio_maybe_dma_pinned na duba ko ƙidaya ta kai 1024.

Ka lura da ɓangaren da kuskuren ke faɗawa. Shafin da aka kafe ba zai taɓa bayyana a matsayin sakakke ba. Abin da kan faru shi ne akasin haka: shafin da masu riƙe da shi na yau da kullum suka wuce dubu, kamar na libc da manhajoji da yawa ke amfani da shi, a ɗauka an kafe shi. Asarar kuwa ba ta wuce a kwafi bait 4096 ba gaira ba dalili, ko a tsallake shafin wajen share memori. Manyan shafuka kuma, irin na 2 MiB, suna da gurbin ƙidayar kafewa nasu daban, can lissafin daidai yake. Wanga "wataƙila" an auna shi ne don ya kuskure ta inda ba a rasa bayanai.

Malam, Argungu:
Akwai wurin da ba ku taɓo ba, kuma a ganina shi ya fi kashe da'awar: fork, kiran da manhaja mai gudana (uwa) ke haifar da kwafin kanta (ɗa). Bayan fork, uwa da ɗa suna raba shafi ɗaya, an cire wa kowa izinin rubutu. In uwa ta fara rubutu, ita ake ba sabon kwafi, tsohon shafin ya zauna hannun ɗa. To na'ura tsohon ta sani. Bayanan da uwa ke jira sai su sauka wajen ɗa, ita ta karanta tsohon abu, babu wani saƙon kuskure. Dalilin gargaɗin haɗa fork da O_DIRECT, wato karatu da rubutu kai tsaye tsakanin faifai da memorin manhaja, ke nan a littafin bayanin kiran open, kuma dalilin da masu RDMA suka daɗe suna kiran ibv_fork_init, mai sa MADV_DONTFORK, alamar hana ɗa gadon shafin. Daga 5.9, in an ga shafi a kafe lokacin fork, nan take ake yi wa ɗa kwafinsa, uwa ta zauna da na asali. A 5.19 David Hildenbrand ya ƙara PageAnonExclusive don a san shafin da mai shi ɗaya ne. Direban da ya tsaya kan get_user_pages bai sa alamar da wannan kariya ke dubawa ba.

Ɗalibi, Aliero:
Allah gafarta Malam, ta fuskar fork ba ni da amsa. Amma har yanzu ina ganin kafewa mai tsawo zalunci ce ga sauran memori.

Mai gyaran saba, Jega:
A nan kam kana da gaskiya. Ka ba injin kwaikwayo na QEMU katin PCIe ta VFIO, hanyar miƙa masa na'ura kai tsaye, dole a kafe RAM ɗinsa gaba ɗaya. In 8 GiB ne, shafuka 2,097,152 ke nan da ba sa zuwa swap a faifai, ba sa ƙaura, balloon, dabarar karɓo memori daga injin kwaikwayo, ma ba ya dawo da su. A saba mai 16 GiB irin wadda yawancinmu ke iya saye, rabi ya tafi. Kafin a kafe, FOLL_LONGTERM sai ya fitar da shafukan daga ZONE_MOVABLE da yankin CMA, wuraren da dole shafi ya iya ƙaura, in hakan ya gagara kiran ya faɗi. Lissafin ma ba bai ɗaya ba ne: RDMA na rubuta nasa a VmPin, VFIO a VmLck, io_uring, wata hanyar karatu da rubutu ta Linux, kuma a kan mai amfani. Iyakar memorin da manhaja ke iya kullewa, RLIMIT_MEMLOCK, ta daɗe a 64 KiB, sai a 5.16 ta koma 8 MiB, wadda ko kusa ba ta isa VFIO ba.

Malama, Zuru:
Shi ya sa in na'ura na iya dakatawa ta nemi shafi, a bar kafewa a yi amfani da mmu_notifier, hanyar da kanel ke sanar da direba canjin shafi, yadda KVM, mai gudanar da injinan kwaikwayo, ke yi, da ODP, neman shafi sai an buƙace shi, a katunan Mellanox. Kanel ya ce zai ɗauke shafi, direba ya janye adireshin daga na'ura, a ci gaba. Sai dai katin da ba ya iya jira ba shi da wannan zaɓi.

Injiniya, Birnin Kebbi:
Ƙanena, ga mai katin da ba ya jira, abin yi a bayyane yake. Kira pin_user_pages_fast, ka sa FOLL_WRITE in na'ura za ta rubuta, ka ƙara FOLL_LONGTERM in riƙon zai wuce aiki guda. Duba adadin da ya dawo, don yana iya gaza abin da ka nema, kuma waɗanda aka samu sai ka sake su. Bi da dma_map_sg, mai ba na'ura adireshin shafukan. In an gama, tsayar da na'ura tukuna, sai dma_unmap_sg, sannan unpin_user_pages_dirty_lock. Kada ka cakuɗa: kafewa da pin a saki da put_page na barin 1023 a ƙidaya, shafin ya salwanta har a sake kunna inji; riƙewa da get a saki da unpin kuwa na rage abin da ba a ƙara ba, a iya sakin shafi ana kan amfani da shi. Don gwaji, karanta nr_foll_pin_acquired da nr_foll_pin_released a /proc/vmstat kafin da bayan aikin. Tazarar da ke tsakaninsu ta koma yadda take.

Mai gyaran saba, Jega:
A ƙara masa ɗaya, Injiniya: bafar, wato memorin da za a miƙa wa na'ura, ta fito daga malloc, tmpfs ko hugetlbfs, waɗanda ba sa buƙatar bibiyar sabon rubutu, ba daga mmap na fayil ɗin ext4 ba. Ni dai maganar fayil ban gamsu an gama da ita ba. Malama, in kafewar gajera ce irin ta O_DIRECT, kuma lokacin mayarwa faifai ya riske ta, jira ya fi ko a yi wa shafin kwafin wucin gadi a rubuta shi?