Kujerar hawa bishiya ta farauta, wacce zan fara saya?

Ɗan Kawo: Salam jama'a. Kwanan nan ina ta kallon maharban Amurka a YouTube, suna da wata kujera gida biyu, ɗaya ka zauna ɗaya ka taka, kana ɗaga su bi da bi har ka kai sama ka zauna jiran nama. Abokina zai dawo daga can nace ya taho min da ita, naga ana yabon Summit Viper. Ta alminiyam zan ce ko ta ƙarfe? Wajen Kachia muke fita da rani, yawanci gada.

Baban Ummi: Wa'alaikassalam ƙanena. Kafin ka kashe dalarka tsaya ka kalli itatuwan dajin naku tukuna. Wannan kujerar sai bishiya miƙaƙƙiya sambal wadda ba reshe a ƙasa, kaurinta kamar inci 8 zuwa 20, domin waya ce ke zagaye gangar jikin, haƙoran ƙarfe su ciji ɓawo. To kaɗanya da ɗorawa tun daga ƙasa suke rassa kuma a karkace, kuka kam ba'a ma maganarta, wayar ba zata zagayo ba. Sai dai doka ko maɗaci in ka dace. Turare miƙaƙƙe ne amma santsi gare shi, ni bana yarda dashi. Da ni ne, irin wadda ake ɗaurewa da ɗamara a hau da ƙaramin tsani zan saya, ita bata zaɓen bishiya sosai.

Oga Walda: Haba, kawo hotonta wurin maƙeran Panteka a haɗa maka ita da sauƙin kuɗi mana 😂

Baban Ummi: Oga Walda a haɗa, amma kai zaka fara hawa. Ɗan Kawo in dai ka nace, ɗauki ta alminiyam, kilo 9 ko makamancin haka take, ta ƙarfe zata gajiyar da kai in tafiyar ƙafa tayi nisa. Ka duba nauyin da aka rubuta tana ɗauka, ka haɗa da kayanka. Ɗamarar jiki gaba ɗaya, wadda ke ɗaure ka da bishiyar don kada ka faɗo, dole ce tun daga ƙasa, ka kuma ɗaure gidan sama da na ƙasa da igiya, in matakin ya suɓuce haka zaka kwana kana lilo. Bindiga a cire harsashi, sai ka zauna ka jawo ta da igiya.

Ɗan Kawo: Nagode Yaya. Ranar Asabar zan tafi da tef in gwada kaurin itatuwan doka na bakin rafin nan, in duba ko babu zuma a sama, sannan in kira abokin nawa.