Neman kalmar Hausa kafin ranar Alhamis: kwararar jama'a birane da sunan ƙabilun da ba su da yawa

Malama Mai Shiri, Tudun Wada: Assalamu alaikum, malamaina. Ranar Alhamis za a naɗi shirina na rediyo a kan ƙasar Sin, inda mazauna birane suka haura rabin al'umma a 2011, kuma har yau samun ɗan birni ya ninka na mutumin karkara fiye da sau biyu. Na tsaya a kan "tazarar samu tsakanin birni da karkara", amma abu biyu sun gagare ni: abin da Turawa ke kira urbanisation, da kuma sunan da zan haɗa ƙabilu 55 da gwamnatin ƙasar ta amince da su ban da ƙabilar Han, wadda ta fi kowace yawa.

Malamin Samaru: Wa alaikumus salam, Malama. 'Yan jarida sun saba da "bunƙasar birane" da "ƙananan ƙabilu", kuma mai sauraro zai gane nan take.

Baba na Ƙofar Doka: Ban yarda da "bunƙasar birane" ba, domin bunƙasa tana tafe da wadata. Wanda ya tsaya a Kwangila, nan Zariya, da asuba ya ga samarin Giwa da Soba suna naɗe tabarmi a bakin shaguna kafin su hau acaɓa, ya san garin ya cika ne, bai wadata ba. Na daɗe ina ba da shawarar "birnantarwa", a kan tsarin da ya ba mu "zamanantarwa" daga "zamani".

Malamin Samaru: Allah ya gafarta Baba, ginin kalmar ba shi da aibi, sai dai tana neman mai aikatawa, kamar wata hukuma ce ta birnantar da mutane. Hakan ya dace da inda gwamnati ta tashi ƙauye ta gina unguwa, amma bai dace da ɗan cirani da ya zo da ƙafarsa ya ƙi komawa gida da damina ba. Ban da haka, a Zariya idan aka ce Birni, cikin ganuwa ake nufi, alhali yawancin baƙin a Sabon Gari da Samaru suke sauka.

Baba na Ƙofar Doka: To a ce "birnancewa", ai nahawu bai hana ba. Abin da ke damuna shi ne a garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, mu zauna muna jiran gidajen rediyon ƙetare su yanka mana kalma. Magabatanmu ba su ji tsoron ƙirƙira ba.

Malama Mai Shiri: Gaskiya ne, Baba, amma manomin da ya rataye rediyonsa a reshen ɗorawa yana huɗa ba zai iya tsayar da ni ya nemi fashin baƙi ba.

Yaya daga Wusasa: Ina roƙon a dawo kan tambaya ta biyu, domin ta fi shafata. Ni 'yar ƙabilar Bajju ce, Hausa nake yi tun ƙuruciya, kuma duk lokacin da na ji "ƙananan ƙabilu" ƙanƙanta daraja nake ji kafin ƙarancin adadi. Ƙabilar Zhuang ta Sin ta kusa mutum miliyan 20, ta ina ta zama ƙarama? Ko Kwamitin Willink da Turawan mulkin mallaka suka kafa a 1957 kan koken irin waɗannan ƙabilu a Najeriya, tsoron danniyar masu rinjaye ya bincika. Ina ganin "ƙabilu marasa rinjaye" ta fi adalci.

Malamin Samaru: Na bi bayan Yaya. "Tsiraru" ma tana nan, amma ba ta ɗaukar miliyoyi.

Malama Mai Shiri: Na gode ƙwarai. Zan yi amfani da "ƙabilu marasa rinjaye". Ɗayar kuma zan ce "kwararar jama'a zuwa birane" idan ana maganar mutane, "faɗaɗar birane" idan gini ne ya cinye gonaki, sannan in ambaci "birnancewa" sau ɗaya a gabatarwa.

Baba na Ƙofar Doka: Sau ɗaya ba ya kafa kalma, 'yata, kuma jimloli biyu kika ɗauka a gurbin kalma guda. Ki dai faɗe ta a fili yadda za a ji, zan saurari shirin.