Babbar jami'a ko ƙarama, ina ya kamata in kai 'yata?

Baban Ummi, Kurna:
Assalamu alaikum. 'Yata ta fari ta ci JAMB, tattalin arziki take son karantawa. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, bokona bai yi nisa ba. Raina yana kan BUK, ga ta a gida, ga suna, tun 1977 take cikakkiyar jami'a. Mahaifiyarta kuma ta kafe sai ƙaramar jami'a mai zaman kanta, wai can malami ya san kowa da sunansa. Yarinyar akwai kunya, ko a gida da ƙyar take buɗe baki. Kuɗin kuwa sai na taɓa jari. Don Allah wacce ta fi gyara ɗalibi?

Malama Hajara:
Wa'alaikumus salam Alhaji. Ni malamar jami'a ce. Na sha shiga lacca in tarar da ɗalibai sun haura 300, wasu a tsaye bakin taga. Wallahi yarinya mai kunya sai ta shekara huɗu ban taɓa jin muryarta ba, abin yana damuna har yau.

Sai dai ƙanƙanta kaɗai ba ta isa ba. Abin da Hajiya take hange tsarin wasu ƙananan kwalejojin Amurka ne, irin Amherst da Williams, masu ɗalibai wajen 2,000. Can yaro zai ɗanɗani tarihi da lissafi da adabi, ya yi ta rubutu malami yana gyara masa, sai wajen ƙarshen shekara ta biyu ya zaɓi fanni. A nan gida, jami'ar AUN ta Yola mai zaman kanta salon Amurka ta ɗauka. Mu nan galibi tun a fom ɗin JAMB an ɗaure yaro da kwas ɗaya. Ƙaramar jami'ar da malamanta na aro ne, su yi lacca su tafi, ba abin da ta fi babba sai tsada.

Ɗan Fagge:
Baba, ni babba na yi kuma ban yi nadama ba. Na zauna da Bayarabe da Babarbare da ɗan Tibi a ɗaki ɗaya, na koyi neman haƙƙina da kaina. Aikin da nake yi yanzu ma abokin ajinmu ne ya yi mini hanya. Kunyar nan cikin mutane take fita.

Maman Sadik:
Ku tuna yajin aikin ASUU na 2022 a jami'o'in gwamnati irin BUK, wata takwas yara suna zaune a gida. Ɗana har ɗinki ya koya.

Malama Hajara:
Ɗan Fagge, kai namiji ne mai baki, ba kowa ne cunkoso yake buɗe wa baki ba. Alhaji, ka je da ƙafarka. Ka tambaya ko hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta amince da kwas ɗin, malamai nawa ne na dindindin a sashen, mutum nawa ne a aji.

Baban Ummi, Kurna:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Ranar Litinin zan bar wa yarona shago mu zaga duka biyun, kuma da Ummin za mu je.