Wai launin fatar mai bincike ba ya canza komai?

Hajiya Babba: Dokta, na ga abin da ka rubuta jiya, wai ƙoƙarin ƙara yawan baƙaƙen fata cikin masu binciken harkar lafiya a Amurka siyasa ce zalla. Ban yarda ba.

Dokta: Ina nan kan bakana, Hajiya. Lissafi ba shi da ƙabila. A ɗauki wanda ya cancanta. Kotun Ƙolin ƙasar ma a Yunin 2023 ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai.

Anti Nas: Yaya Dokta, ka san ɗan abin nan da muke maƙala wa mara lafiya a yatsa don auna iskar da ke cikin jininsa? Lokacin korona na sha ganin mutum yana haki, gumi na keto masa, amma na'urar na nuna 94 cikin ɗari, kamar iskar ta wadatar. Binciken Jami'ar Michigan na 2020 ya nuna na'urar na ɓoye ƙarancin iska a jikin baƙar fata kusan ninki uku fiye da na farar fata.

Dokta: Madalla, ƙanwata. Amma wanda ya jagoranci binciken ai Bature ne. Kin ga kenan ba sai baƙi ba.

Anti Nas: Tun 1990 wasu likitoci suka rubuta wannan matsalar, Yaya. Shekara 30 tana kwance cikin mujalla, ba a gyara ba. Da akwai masu irin fatar da yawa a teburin da ake raba kuɗin bincike, kana jin za ta daɗe haka?

Auta: Ku bari ɗalibi ya sa baki. Kawu, cancantar nan wa ke auna ta? A 2011 mujallar Science ta buga binciken wata masaniya, Donna Ginther, kan tallafin NIH, hukumar da ke raba kuɗin binciken lafiya a Amurka. Ko da karatu da gogewa sun zo ɗaya, damar baƙar fata ta samun babban tallafin ta gaza ta farar fata da kusan maki 10 cikin ɗari. A 2019 aka gano wani ɓangare na dalilin: baƙaƙe sun fi neman binciken unguwanni da rayuwar jama'a, irin batutuwan da ba a cika zuba wa kuɗi ba.

Dokta: To a gyara rabon kuɗin, ɗana. Wannan na yarda. Amma a ba mutum kujera don fatarsa, a'a.

Hajiya Babba: Ba wanda ya ce a ba ragon ɗalibi kujera. Ku tuna binciken da aka yi a garin Tuskegee na Amurka: daga 1932 zuwa 1972 aka bar baƙaƙe kusan 400 da ciwon tunjere ba magani, ana kallo, har bayan da maganinsa, penisilin, ya samu. Jikokinsu ne kake so su amsa tambayoyin baƙon da bai san unguwarsu ba? Mu Kanawa ba sai an ba mu labari ba. Gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996 yana cikin abin da mutane suka riƙa ambata da aka ƙi rigakafin shan inna a 2003.

Dokta: Wannan maganar amana ce, Hajiya, ba ta ingancin bincike ba.

Anti Nas: Idan mutane suka ƙi buɗe maka ƙofa, Yaya, a ina za ka samo alƙaluman?

Dokta: An kira ni tiyata. Zan dawo.