Wai "iyali" ba Hausa ba ce?

Auta: Salamu alaikum 'yan gida. Yau a aji malaminmu ya ce iyali, zuri'a, al'umma, jama'a da ƙabila duk aron Larabci ne. Ashe kafin Musulunci Bahaushe bai da sunan da yake kiran nasa da shi ke nan?

Kawu: Wa alaikumus salam. Rabin farko gaskiya na, sauran kai ka ƙara da bakinka. Iyali daga "iyal" ta hito, watau waɗanda ciyarwarsu ke wuyanka. Shi ya sa in magidanci ya ce "iyalina ba su da lahiya", kowa ya san matarshi yake nuhi. To dangi fa? Uwa, uba, kaka, jika, ɗan'uwa, wane Balarabe ya ba mu su?

Yaya Babba: Kawu, Allah ya ƙara girma, amma kada a raina aron nan, ya yi nisa. A Swahili "jamaa" na nufin dangi, daga nan Julius Nyerere, shugaban Tanzaniya na farko, ya samo "ujamaa", tsarin da ya ɗora Tanzaniya a kai a sanarwar Arusha ta 1967. Turkawa na cewa "aile" ga iyali, mutanen Indonesiya na kiran dangi "kerabat", daga "ƙaraba" ta Larabci.

Auta: Yawwa! Kun ga an dawo maganata.

Yaya Babba: Ban dawo ba. Su Indonesiyan, kalmarsu ta iyali "keluarga" ce, daga Sanskirit, tsohon harshen Indiya. Aro ba ya nuna gidan mutum kango ne.

Kawu: Kuma kowa da abin da ya yi da kalmar "jama'a". Masu Swahili sun maishe ta dangi. Mu nan Sakkwato, Jama'a sunan mabiyan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na tun Degel, su anka yi hijira da su zuwa Gudu a 1804, Hausawa da Fulani da Buzaye, ba jini ya haɗa su ba. Ranar da ka tahi Hubbare, inda kabarin Shehu yake, ka tambayi tsohhi.

Auta: To Juma'a da jam'iyya da jami'armu fa?

Kawu: Tushe guda, tarawa. Wannan na bar maka.

Goggo: Kun cika man waya da Larabci tun azahar. Kai Auta, Goggo da kake kirana, da Kawu, da Baffa, da Inna, Balarabe ya ba ka? Hillanci na. Ka kai ma malaminku wanga, in ka taso kuma ka biyo Tsohuwar Kasuwa ka sayo man daddawa.