Kari-oba uku da kwasa-kwasan aji uku, wanne zan fara sawa a rajista?

Salam 'yan gida, Admin don Allah a ɓoye sunana. Ni ɗaliba ce, bana na shiga aji uku a sashen kemistiri, kuma ina da kari-oba uku, wato kwasa-kwasan da na faɗi zan maimaita, daga zangon farko na aji biyu, biyu masu yunit uku-uku ɗaya mai yunit biyu, takwas kenan (yunit shi ne ma'aunin nauyin kwas). Na aji uku kuma wannan zangon yunit 20 ne, in an haɗa 28, shi kuwa fotal, shafin rajistar makaranta na intanet, da na kai 24 sai ya cije ya ƙi karɓar komai. Na biya kuɗi ta Remita tun wancan satin, saura kwana biyar a fara cin tarar makara, kodinetan ajinmu sau uku ina zuwa ofishinsa a kulle. Ƙawata ta ce in ajiye kari-oban sai aji huɗu. Wallahi kaina ya ɗau zafi, ko a gida ban faɗa ba.

Wani tsohon ɗalibi: Ƙanwata fotal bai lalace ba, ƙa'idar NUC ce, hukumar kula da jami'o'in Najeriya, ba a wuce yunit 24 a zango, ba a kasa 15. Kuma bashi ake fara biya. Ki sa takwas ɗin nan tukuna, saura 16, sai ki cike da na dole na aji uku, kwasan zaɓi su ne na ƙarshe, a cikinsu za ki zubar da huɗun.

Wata 'yar aji huɗu: Ni dai nawa guda ɗaya na bari har bana kuma lafiya lau, a daina tsorata yarinya.

Tsohon ɗalibin: Hajiya lafiya lau tun kafin sakamako ya fito? Naki ɗaya ne, nata uku. In ta rubuta bana ta sake faɗuwa ɗaya, Allah ya kiyaye, tana da baɗi ta gyara. In ta kai su aji huɗu ga furojet ga komai, ta faɗi ɗaya, sifil-oba kenan kai tsaye, wato ƙarin shekara bayan 'yan ajinta sun gama, ta dawo ta biya kuɗin shekara guda saboda yunit biyu. Sannan kwas ɗin zangon farko a zangon farko kawai ake yinsa, ba ya tsallakawa na biyu, balle ita da wataƙila SIWES, horon sanin makamar aiki a wajen makaranta, za ta tafi.

Wani malamin jami'a: 'Yata ki duba littafin sashenku, akwai kwas ɗin aji uku da ba a yarda ki ɗauka ba sai kin ci na aji biyu da ke ƙarƙashinsa. In ɗaya daga kari-obanki irin wannan ne to shi na saman ma ya fita da kansa, lissafi ya zo da sauƙi. Abu na biyu jadawali, laccar aji biyu kan ci karo da ta aji uku, ga kashi 75 na halarta da ake nema kafin jarabawa. Kwas ɗin da kika yi rajista ba ki zauna jarabawarsa ba F ne, wato faɗuwa, wanda kika zauna ba rajista kuma ba a lissafa shi. Kodineta in ba ya nan ki ga jami'in jarabawa na sashe ko shugaban sashe, kada ki bari mai shagon intanet ya zaɓa miki.

Wani daga Amurka: Ku gode Allah naku yunit ne matsalar ba kujera ba. Mu nan kowane aji da adadin kujerunsa, kuma ba rana ɗaya ake buɗe wa kowa ba, wanda ya fi tara kiredit, wato yunit ɗin da ya riga ya ci, shi ke fara shiga, 'yan wasan makaranta da tsofaffin sojoji da masu buƙata ta musamman galibi su ma ana sa su gaba. Shekarata ta farko kafin layi ya zo kaina sai laccar takwas na safe ta rage, cikin wannan sanyi.

Mai tambaya: Na gode Allah ya saka. Malam na duba, kwas ɗin zaɓi ɗaya ne kawai mai yunit biyu, dole in cire na dole ɗaya kenan, wanne?

Malamin: Wanda wani kwas na aji huɗu bai dogara da shi ba. Ki fitar da fom ɗin a takarda ki kai a sa hannu kafin ranar rufewa, ki ajiye kwafi ɗaya a wurinki.